Yadda dodon-koɗi ya sami gida a tekunan ƙanƙara

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar kimiyyar halittu ce a wata sakandaren 'yan mata. Muna darasin muhalli sai wata ɗalibata ta ce ta ga hoton dodon-koɗi a ƙarƙashin ƙanƙarar Antaktika. Ta tambaye ni yadda aka yi ya je can, da kuma ko shi ne dai irin wanda ke can ƙuryar arewa, tunda sanyin ɗaya ne. Na ce mata zan bincika. Ni dai a sanina dodon-koɗi sai damina, sai wuri mai ɗumi da laima. Don Allah a warware mana."

Wa alaikumus salam, Malama. Ki gaishe mini da ɗalibar nan, domin tambayarta goyon biyu ce, kuma kowace ta ci wa masana shekaru. Ta farko, yaya aka yi dodon-koɗi ya kasance a ruwan da ke dab da daskarewa. Ta biyu, shin na tekun Aktik da ke ƙuryar arewa, da na ruwan da ya kewaye Antaktika a ƙuryar kudu, abu ɗaya ne. In za ki ba ta amsa a tsaitsaye kafin a kaɗa ƙararrawa, ki ce mata na kudu ba zuwa suka yi ba, suna zaune a gidansu sanyi ya zo ya tarar da su. Na arewa kuwa yawancinsu baƙi ne, kakanninsu daga tekun Fasifik suka shigo, kuma a lissafin shekarun duniya jiya-jiya ne.

Bari in faɗa miki daga inda nake magana. Ni da dodannin koɗin madatsun ruwa da magudanan noman rani na fara, irin Bulinus ɗin nan mai ɗauke da tsutsar tsargiya. Ƙaro karatu ne ya kai ni wani gidan adana kayan tarihin halittu a Turai, na yi shekaru ina jan aljihunan katantanwa da buɗe kwalaben da jiragen bincike suka ciko daga tekunan sanyi. Na yi tsintuwa a bakin teku a Ingila da arewacin Nowe, amma ban taɓa taka Antaktika ba. Abin da zan ce game da ita, daga abin da na riƙa a hannuna ne da abin da waɗanda suka je suka auno.

Sanyin kansa ba shi ne abin tsoro ba

Ruwan teku, saboda gishirinsa, ba ya daskarewa sai ya kai kimanin digiri 1.9 ƙasa da sifiri. Ƙanƙarar a sama take kamar murfi, ƙarƙashinta ruwa ne tsundum. A mashigin McMurdo da ke Antaktika, ma'aunin ruwan kusan ba ya gusawa daga nan duk shekara. Shi kuwa dodon-koɗin teku, gishirin ruwan jikinsa daidai yake da na tekun, don haka ba zai daskare ba sai in tekun da yake ciki ya daskare. Kifi ne ke da matsala, tunda jininsa bai kai teku gishiri ba, shi ya sa kifayen can suke da wani sinadari a jini mai hana ƙanƙara tsiro. In kin duba ma, namu na tudu da ke liƙe bakinsa ya kwanta in rani ya yi, ya fi na Antaktika ganin tashin hankali. Sauyin zafin da yake gani tsakanin asuba da azahar a ranar hunturu ɗaya, wancan ba zai gan shi ba har ya mutu.

Inda wahalar take shi ne wajen gini. Katantanwa da sinadarin alli ake yin ta, kuma dabbar daga ruwa take tsamo shi. To ruwan sanyi ya fi na ɗumi riƙe iskar kabon. Ki tuna lemon kwalba: wanda ya fito daga firji yana riƙe iskarsa, wanda ya sha rana kuwa da an buɗe sai ya yi kumfa ya salance. Iskar nan in ta yi yawa a ruwa takan sa shi ɗan tsami-tsami, allin ya yi wuyar samu, wanda aka riga aka gina ma ya so narkewa. Gini a ruwan sanyi tsada gare shi.

Na taɓa ɗora wuri a tafin hannuna na dama, na ɗora katantanwar wani dodon-koɗin Antaktika mai suna Neobuccinum eatoni a na hagu. Wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi, har sunansa ya zama sunan kuɗi, ai shi ma gidan dodon-koɗin teku ne, an fi kwaso shi daga tsibiran Maldib a tekun Indiya mai ɗumi. Ga kauri, ga sheƙi, ga baki tsukakke mai haƙora. Na Antaktikan ya ninka shi girma, amma fari ne fat kamar alli, ba ado, ba ƙaya, bakinsa a wangale, in na ɗaga shi ga fitila sai in ga haske ta gefen leɓensa. Sai da na sassauta riƙo don kar ya fashe.

Ban da gini, ga ƙarancin abinci. Ƙananan tsirran da ke yawo a saman teku sai da rana suke yaɗo, rana kuwa can watanni take yi ba ta leƙo ba. Abinci ya zo a 'yan makonni, sauran shekara a yi ta lallaɓawa. Shi ya sa komai nasu a hankali ne, girma da balaga da haihuwa. Ga kuma duwatsun ƙanƙara masu yawo, waɗanda gindinsu ke kartar ƙasan teku kamar garma, su murƙushe duk abin da suka tarar a ruwa marar zurfi.

Kudu: tsohon birni cikin ganuwa

Antaktika ba a cikin ƙanƙara aka halicce ta ba. A da can manne take da Afirka da Kudancin Amurka da Indiya da Ostireliya, a babbar nahiyar da ake kira Gondwana. Akwai wani tsibiri mai suna Seymour kusa da hancin Antaktikan da ke fuskantar Kudancin Amurka, ƙanƙara ba ta rufe shi ba, kuma duwatsunsa cike suke da katantanwar da ta zama dutse. A shimfiɗar dutsen da ake kira La Meseta, mai shekara miliyan 50 zuwa 34 ko kusa da haka, ana samun haƙoran kifin shak da ƙaguwa da itatuwan daji da dodannin koɗi jibgi-jibgi. Kar wannan ya ba ki mamaki, don mu ma muna da irinsa. Dutsen da ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato ana yin siminti, ƙasan wani tsohon teku ne da ya ratsa Sahara, kuma akwai burbushin dodannin koɗin teku a cikinsa.

Daga nan sai nahiyoyi suka ci gaba da rabuwa. Ostireliya ta ja arewa, mashigi ya buɗe ta kudancin tsibirin Tasmaniya kimanin shekara miliyan 34 da suka wuce. Mashigin Drake ma ya buɗe tsakanin Antaktika da Kudancin Amurka, ko da yake har yau masana na jayayya kan takamaiman lokacinsa. Da hanya ta buɗe ta kowane gefe, sai ruwa ya samu damar zagaye nahiyar ba abin da ya tare shi. Wannan kwararar ruwa mai tafiya daga yamma zuwa gabas, abin da take ɗauka ya ninka na dukkan kogunan duniya a haɗe fiye da sau 100. A daidai wannan zamani iskar kabon ta ragu a sararin sama, ƙanƙara ta hau nahiyar, sannan ta ƙara kankama kimanin shekara miliyan 14 da suka wuce.

Kwararar nan ita ce ganuwar. A cikinta akwai wani layi da in jirgi ya ƙetare shi yana nufin kudu, sai ma'aunin zafin ruwa ya faɗi da digiri biyu ko uku cikin ɗan gajeren taƙi. Na waje ba ya shiga da sauƙi, na ciki ba ya fita da sauƙi.

Waɗanda aka rufe a ciki, ba duka suka kai labari ba. Akwai wata zuriya mai suna Struthiolariidae da ta cika duwatsun Seymour, yau babu ita a gaɓar nahiyar, sai 'yan tsiraru a Niyuzilan da Ostireliya da tsibiran Kerguelen da South Georgia da ke cikin tekun kudu. Amma dangogi irin su Prosipho da Chlanidota, waɗanda ake gani a duwatsun nan tun kafin ƙanƙara, har gobe suna nan suna rarrafe a ƙasan tekun, sun ma yi rassa da yawa. Alistair Crame na hukumar binciken Antaktika ta Birtaniya ya daɗe yana bin wannan zare, ya nuna cewa tushen wasu daga cikinsu yana komawa zuwa zamanin da ya biyo bayan babbar halakar nan ta shekara miliyan 66 da ta share dabbobin dinoso. Ƙididdigar da Katrin Linse da Huw Griffiths da abokan aikinsu suka tattara ta nuna cewa kusan uku cikin kowane huɗu na jinsunan dodon-koɗin tekun Antaktika ba a samun su a ko'ina a duniya sai can.

Abin da ya fi burge ni a labarin nan shi ne waɗanda suka ɓace, ba waɗanda suka saura ba. Ƙaguwa mai fasa katantanwa da ƙahon hannunta ta ɓace daga gaɓar Antaktika, kifayen da ke tauna katantanwa su ma haka. Richard Aronson ya nuna yadda raguwarsu ta fara bayyana a duwatsun Seymour tun da sanyi ya soma. Dalilin ƙaguwa kuwa na san shi da hannuna. A ɗakin gwaji, in muna son dodon-koɗin teku ya saki jiki ya fito daga gidansa don mu duba shi, gishirin maganiziyam muke ɗiga masa a ruwa, sai ka ga ya langaɓe kamar an yi masa allurar barci. To ƙaguwa ba ta iya rage wannan sinadari a jininta yadda ya kamata, kuma a ruwa mai tsananin sanyi ƙarfinsa ninkuwa yake yi, sai ya sagar mata da gaɓoɓi. Da mai fasa ƙofa ya bar unguwa, ba wanda ya ƙara wahalar da kansa wajen yin ƙyauren ƙarfe. Don haka siririyar katantanwar da na ɗaga ga fitila dalili biyu ne suka haɗu a kanta, ga tsadar gini, ga rashin maƙiyi. Wanne ya fi nauyi? Ni dai na fi karkata ga tsadar gini, tunda a arewa ma, inda ƙaguwa ba ta ƙare ba, ana ganin katantanwa na yin sirara. Amma raba su sarai ba ya yiwuwa, tare suka faru.

Saura abu ɗaya game da kudu. Nauyin ƙanƙara ya danne nahiyar, har dakalin da ke kewaye da ita a ƙarƙashin ruwa ya nutse zuwa zurfin mita 450 ko 500, alhali a sauran nahiyoyi bai cika wuce mita 200 ba. Duk lokacin da zamanin tsananin sanyi ya zagayo, ƙanƙara kan miƙo ƙafa ta share yawancin dakalin nan. Masu rai su fake a 'yan lunguna ko su gangara zurfi, kowane rukuni a ware da ɗan'uwansa na dubban shekaru. In ta ja da baya su dawo, amma sun riga sun bambanta. An yi haka ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Akwai wani marar katantanwa mai suna Doris kerguelenensis da aka daɗe ana ɗauka jinsi ɗaya ne mai zagaye nahiyar. A 2009 Nerida Wilson ta duba ƙwayoyin gadonsa, sai ga zuriyoyi kusan 30 daban-daban, daga baya ma adadin ya ƙaru. Ido yana ganin abu ɗaya, ashe gayya guda ce.

Arewa: zangon baƙi

Aktik kishiyar Antaktika ce a tsari. Can nahiya ce teku ya kewaye ta, nan teku ne nahiyoyi suka kewaye shi. Ƙofarsa mai zurfi ɗaya ce tak, tsakanin Girinlan da tsibiran Svalbard. Ta ɓangaren Fasifik kuwa sai mashigin Bering tsakanin Saiberiya da Alaska, faɗinsa kimanin kilomita 85, zurfinsa bai wuce mita 50 ba.

Mashigin nan a rufe yake na miliyoyin shekaru, tudu ne ake bi a ƙafa. Ya fara buɗewa kimanin shekara miliyan 5.5 da suka wuce, sannan wajen shekara miliyan 3.5 sai aka yi babbar ƙaura. A arewacin Aislan, a wani wuri mai suna Tjörnes, akwai gaɓar dutse da ta rubuta zuwan baƙin nan shimfiɗa bisa shimfiɗa: a ƙasa 'yan gida ne na Atlantika, ana kaiwa wani layi sai ga 'yan Fasifik birjik. A 1991 Geerat Vermeij ya ƙirga jinsuna 295 na dangin katantanwa da wannan ƙaura ta shafa, ya tarar 261 daga Fasifik suka fito, 34 kacal ne suka bi ta ɗaya hanyar. Ki faɗa wa ɗalibanki cewa wannan masani, haifaffen Holan da ya yi koyarwa a Kalifoniya, makaho ne tun yana ɗan shekara uku, da yatsunsa yake karanta katantanwa, kuma yana jin tabon cizon ƙaguwa da masu ido ke tsallakewa.

Me ya sa ƙaurar ta karkata gefe ɗaya haka? Wasu sun ce ruwan ne, domin tun bayan da Panama ta taso ta raba tekunan biyu ta tsakiya, ruwan Bering arewa yake kwarara, ya ɗauki abin da ya ɗauka. Vermeij bai gamsu da wannan kaɗai ba. A ganinsa arewacin Atlantika ya yi asarar jinsuna da yawa, akwai filin da ba mai shi, shi kuwa arewacin Fasifik a cike yake maƙil, baƙo ba ya samun wurin shimfiɗa tabarma. Ina ganin duka biyun sun yi aiki. Ko ma dai yaya ne, dangogin Littorina da Nucella da Buccinum da Neptunea, waɗanda Bature ke ɗauka nasa ne na gado a gaɓar tekunsa, asalinsu Fasifik ne.

Na taɓa tsintar ɗaya daga cikin jikokin baƙin nan na farko a gabashin Ingila, a garin Walton-on-the-Naze, inda teku ke zaizayar wata jar gaɓa mai yashi da ake kira Red Crag. Neptunea ne, tsawonsa kamar yatsana na tsakiya, ya rine da kalar tsatsa. Da na riƙe shi tsininsa na sama, bakinsa na kallona, sai na ga bakin a hagu yake. Yawancin dodannin koɗin duniya na dama ne. Dariya ta kama ni ni kaɗai a bakin teku, domin Bulinus ɗin da na yi shekaru ina tsamowa da rariya a magudanan ruwa shi ma bahago ne, da haka muke gane shi tun daga nesa. Ba dangin juna ba ne ko kusa, kowa da inda ya samo hagunsa.

Bayan ƙaurar sai zamanin ƙanƙara ya shigo da ƙarfinsa, kuma a nan ne Aktik ya sha bamban da kudu. Dakalinsa faffaɗa ne marar zurfi, musamman ta gefen Saiberiya. Shekara 20,000 da suka wuce, tekunan duniya sun ja baya da kimanin mita 120, sai dakalin Saiberiya ya koma tudu, Bering ya rufe, ƙanƙara kuma ta zauna daram a kan tekun Barents da ke arewacin Nowe da Rasha. Wurin zama ya ƙare. Da aka samu sauƙi, Bering ya sake buɗewa kimanin shekara 11,000 da suka wuce, sababbi suka shigo daga Atlantika da Fasifik. Ga kuma kogunan Saiberiya, Ob da Yenisei da Lena, suna zubo ruwan daɗi da laka, abin da dodon-koɗin teku ba ya so. Zangon da ake tasa kowane lokaci ana sake cikawa, yaushe zai yi 'yan asali? Shi ya sa yawancin na Aktik za ki same su kuma a Nowe ko Kanada ko tekun Bering.

Haihuwa da tafiya

A ruwan ɗumi, yawancinsu dubban ƙwai suke zubawa, su ƙyanƙyashe 'yan mitsi-mitsin 'ya'ya masu iyo, ruwa ya yi ta yawo da su makonni suna kiwo kafin su sauka ƙasa. Gunnar Thorson, ɗan ƙasar Denmak da ya yi aiki a gabashin Girinlan a shekarun 1930, ya lura cewa a ruwan sanyi abin ba haka yake ba. Ƙwai kaɗan ne manya, cikin jaka mai tauri, ɗa ya fito da kamannin uwarsa yana rarrafe. Daga baya an gano cewa wannan ƙa'ida ba ta hau kan duk dabbobin teku ba, amma a kan dodannin koɗi ta zauna sosai. A Antaktika akwai waɗanda ƙwansu ke yin fiye da shekara kafin ya ƙyanƙyashe, wasu ma kusan biyu.

A gaɓar Nowe na sha tsintar curin jakunkunan ƙwan Buccinum undatum, kamar soson wanka busasshe. Kowace jaka ɗaruruwan ƙwai ne a ciki, amma 'ya'ya goma ko ashirin ne ke fitowa. Sauran ƙwan guzuri ne, 'yan'uwansu ke cinye su.

To wanda ba ya iyo, yaya ya zagaye nahiya guda? Sannu ba ta hana zuwa, wannan gaskiya ne in kana da shekara miliyan. Amma akwai hanya mafi sauri. Wata doguwar ciyawar teku mai suna Durvillaea antarctica, in guguwa ta tumɓuke ta ba ta nutsewa, kuma a gindinta akwai ramuka da ƙananan dabbobi ke maƙalewa. A 2017 an tsinci irinta a tsibirin King George cikin ganuwar Antaktika, aka duba ƙwayoyin gadonta aka tarar daga Kerguelen da South Georgia ta taso, tafiyar da ta kai kilomita 20,000. Ashe ganuwar tana da kafa. Sannan Kerstin Johannesson 'yar Suwidin ta nuna wani abu a 1988 game da Rockall, wani dutse tilo a cikin teku a arewa maso gabashin Atlantika. Littorina mai haihuwar 'ya'ya masu rarrafe yana can, ɗan'uwansa mai 'ya'ya masu iyo babu shi. Mace ɗaya mai ciki in ta isa, ta kafa gari, 'ya'yanta na gefenta. Mai 'ya'ya masu iyo kuwa ko ta isa, ruwa zai kwashe su ya watsar.

Akwai masu saɓa ƙa'idar. Nacella concinna, mai katantanwa kamar malafa, wanda ya fi kowa yawa a gaɓar hancin Antaktika, hawa kan juna suke yi su jeru kamar faifai a lokacin haihuwa, su saki ƙwai cikin ruwa.

Masu kama ɗaya a ƙuryoyin biyu

Inda ɗalibarki ta kusa yin gaskiya shi ne kan wasu 'yan ƙanana da ba sa sauka ƙasa sam. Ƙafarsu ta rikiɗe ta zama fukafukai biyu, suna filfilwa cikin ruwa kamar malam-buɗe-littafi. Ɗaya Limacina, mai katantanwa garai-garai kamar gilashi, bai fi ƙwayar dawa ba. Ɗayan Clione, marar katantanwa, wanda kusan ba ya cin komai sai Limacina. Kyaftin Constantine Phipps ne ya bayyana su a rubuce a 1774, bayan tafiyarsa ta 1773 zuwa wajen Svalbard. A jirginsa akwai Olaudah Equiano, tsohon bawan nan da ya ce a ƙasar Ibo aka haife shi.

Shekaru da dama an ɗauka Limacina helicina jinsi ɗaya ne a arewa da kudu. A 2010 Brian Hunt da abokan aikinsa suka gwada wani yanki na ƙwayoyin gadonsu, sai bambancin ya haura kashi 33 cikin 100, alhali tsakanin 'yan jinsi ɗaya ba ya cika wuce 2 ko 3. Kama da wane ba ta wane. Kaka ɗaya gare su can da nisa, amma sun daɗe da raba gari. Haka ma manyan masu cin mushe na ƙasan teku, Buccinum a arewa da Neobuccinum a kudu, babban gida ɗaya ne, ɗakuna daban, kuma zama cikin sanyi iri ɗaya ya ƙara musu kama.

Iyakar abin da aka sani, da abin da ke sauyawa

Ki riƙe alƙaluman nan da sassauci. Ƙasan tekun da aka taɓa jefa wa raga ɗan kaɗan ne, kuma yawancinsa kusa da tashoshin bincike ne, a watannin da ƙanƙara ke ba jirgi hanya. Da jirgin Jamus mai suna Polarstern ya yi aiki a zurfin tekun Weddell na Antaktika tsakanin 2002 da 2005, ɗaruruwan dabbobin da ba a taɓa gani ba ya fito da su. Ni kaina na sha buɗe kwalba in tarar da katantanwa ɗaya tilo, bushasshiya, ba nama a ciki, an ba ta suna tun fiye da shekara 100, kuma ba a sake kama irinta ba. A irin wannan, in an ce jinsin can kaɗai ake samunsa, mai yiwuwa can kaɗai aka duba. A ɗaya gefen kuma, gwajin ƙwayoyin gado yana ta farfasa jinsi ɗaya zuwa goma.

Sauyin yanayi kuwa ta ƙofofin nan da na ambata yake shigowa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, a nan maganar a zahirinta take: tekun na shan iskar kabon da muke fitarwa, na sanyi ya fi sha. A 2012 Nina Bednaršek ta ba da rahoton Limacina masu rai daga kusa da South Georgia da katantanwarsu ta fara zaizayewa. Victoria Peck kuma ta nuna cewa wasu na iya yin faci daga ciki, don haka ban yarda da masu cewa gobe za su ƙare ba, sai dai facin ma ƙarfi yake ci. A 2011 an ba da labarin tarin manyan ƙaguwa a wani rami mai zurfi da ake kira Palmer Deep, a gefen hancin Antaktika, inda ruwa ya ɗan fi ɗumi. Wasu sun ce mamaya ce ta fara, wasu sun ce dama can suna gangaren, kyamara ce ba ta kai ba. A arewa, Vermeij da Peter Roopnarine sun yi hasashe a 2008 cewa in ƙanƙarar bazara ta ci gaba da ja baya, 'yan Fasifik za su sake bin tsohuwar hanyarsu zuwa Atlantika.

In kina son 'yan ajinki su gani da idonsu, ki sa su kawo katantanwa biyu masu girma ɗaya. Ku sa ɗaya a kofin ruwan rijiya, ɗaya a kofin da aka matsa wa lemon tsami, ku ajiye a taga. Kafin a tashi za su ga 'yan kumfa na tasowa daga ta biyun, zuwa jibi kuma su gwada danna leɓen kowace da farce. Ki dai gaya musu tsamin lemo ya fi na teku nesa ba kusa ba, mun hanzarta abin ne don ya shiga cikin mako guda. In kuma akwai mai wuri a gida, irin wanda ake ɗinka wa a jikin kayan ado, ta zo da shi a jera su tare.